Tabarmar da Aka Kora Daga Bene

Akwai wani mutum a birnin Suva na ƙasar Fiji mai suna Sakiusa, wanda ya daɗe a birnin Sydney na Ostareliya, ya komo gida da jirgin ruwan yawon buɗe ido guda ɗaya da girman kai mai yawa.

Ya kama ofis a wani bene, irin wanda ƙananan 'yan kasuwa ke haya wata-wata. Kowa da ɗan ɗakinsa na gilashi, amma falo, da wurin dafa shayi, da ɗakin taro, na kowa da kowa ne.

Al'adar mutanen benen ita ce, duk Juma'a bayan an tashi aiki, sai Akanisi, wata dattijuwa mai sayar da zuma, ta shimfiɗa tsohuwar tabarmarta a falo. A dama kava, abin shansu na gargajiya da ake yi da dakakkiyar saiwa, a akushi, a zauna a ƙasa, a sha, a yi hira.

Sun gayyaci Sakiusa. Ya dubi tabarmar, ya ce shi ofis ya kama, ba rumfar ƙauye ba. Bai tsaya nan ba, sai da ya kai ƙara wurin manajan benen, cewa ana zubar masa da mutunci a idon baƙinsa. Aka hana shimfiɗar.

Akanisi ta naɗe tabarmarta, ta kai mota. Sai dai kullum da safe takan gaishe shi: "Baturen Sydney, an tashi lafiya?"

To, sana'ar Sakiusa ta rataya ne a kan abu guda: izinin sauke baƙi a gaɓar wani ƙaramin tsibiri. Idan babu wannan izini, jirginsa ba shi da inda zai dosa. Da ya ji cewa dattijon tsibirin mai ba da izinin, Ratu Apenisa, ya shigo gari taron coci, sai ya roƙe shi ya biyo ta ofis.

Sakiusa ya kama ɗakin taro mai dogon tebur da kujerun fata. Ya ɗora damin saiwar kava, gaisuwar da al'ada ta tanada, a kan tebur kusa da kwamfuta. A zatonsa, ƙyallin wurin kaɗai ya isa ya gama magana.

Ratu ya iso da mutanensa, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi kujerun, ya dubi saiwar a kan tebur, bai shiga ba.

"Ɗana," in ji shi a hankali, "ina mutanenka?"

Sakiusa ya ce kamfanin nasa ne shi kaɗai.

Ratu ya ce ba kamfani ya tambaya ba. A wurinsu, mai neman abu yakan zauna a ƙasa, mutanensa a bayansa, domin a san akwai masu tsaya masa. Wanda ba shi da ko mutum ɗaya, yaya za a damƙa masa gaɓar da jikokinsu ke wanka a cikinta?

Sakiusa ya waiwaya, sai ya ga ta cikin gilashi duk maƙwabtansa suna kallo. Bai ga fuskar da yake da ikon roƙa ba.

Akanisi ce ta miƙe. Ta durƙusa ta gaida Ratu, ta nemi ya ɗan yi haƙuri, ta sauka. Jim kaɗan ta dawo da tabarma a kafaɗa, akushi a hannu. Da ta zo gifta Sakiusa, ta rage murya: "Ƙanena, cire takalmin nan. Ko shi ma sai an nemi izinin manaja?"

Aka ture kujerun falo gefe. Mai zanen gidaje ya rufe ɗakinsa, mai sayar da tikitin jirgi ya ajiye waya. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka harɗe ƙafa a bayan mutumin da ya kai su ƙara.

Sakiusa ya gabatar da saiwar da hannu biyu. Aka tafa, aka dama, ƙoƙon kwakwa ya zagaya.

Ratu ya shafa tabarmar, ya ce ta sha zama, da gani an daɗe ana taruwa a kanta. Ya tambayi Sakiusa ko tasa ce.

Kalma ɗaya ta isa ta rufa wa Sakiusa asiri, kuma ya san Akanisi ba za ta tona ba.

"Ba tawa ba ce, Ratu. Ta wannan baiwar Allah ce. Ni ne ma na sa aka kore ta daga nan."

Ratu ya dube shi, sa'an nan ya dubi waɗanda ke bayansa.

"Amma duk da haka suka zauna maka. To, saboda su, ka kawo jirginka."

Juma'ar da ta biyo, Sakiusa ne ya ɗauko tabarmar daga mota, ya shimfiɗa, ya zauna can kusa da ƙofa yana miƙa ƙoƙo.

Darasi: Ya ku masu bibiyata masu daraja, ofis ana kama shi da kuɗi a bar shi ƙarshen wata, amma mutanen da za su zauna a bayanka ranar buƙata ba a hayar su. Ku girmama maƙwabcin wurin aiki, ku yi haƙuri da mai raina ku. Ku yaɗa wannan labari, ko wani mai girman kai zai karanta ya gyara.