Kwana Biyu na Alhaji, Kwana Biyar na Lantana

Malama Uwani, editar wata ƙaramar mujalla a Katsina, ta karanta takardar yarjejeniyar aiki sau biyu, ta cire tabarau ta murza idanu. Marubuta uku ta rasa bana saboda irin wannan takarda. Ga ta huɗu, Lantana, da ta karanta rabin takardar ta ajiye, zaune a waje tana jira.

Alhaji Garzali, mai mujallar, ya ce, "Kwana biyu a mako za ta yi mana. Amma ba za ta rubuta wa kowa ba, ko ta bar mu, sai bayan shekara biyu."

Uwani ta nisa. "Ranka ya daɗe, ina tsoron abin da ya sami Sarkin Marina."

"Me ya same shi?"

Ta ce, "An yi wani Sarkin Marina da ya ɗauki Ɗanjuma mabugi aikin ranar kasuwa kaɗai, ya rantsar da shi ba zai buga rigar kowa ba. Ɗanjuma ya rame, hannunsa ya mutu, riguna suka daina sheƙi. Sarkin Marina ya hau faɗa. Ɗanjuma ya ce, 'Maigida, ka ji labarin jakin Iya Dela?

'Iya Dela mai tukwane tana da jaki. Don kada maƙwabta su ara, ta ɗaure shi a turke, ba ta ba shi dusa sai ranar da zai ɗauki kaya. Wata Laraba ya durƙushe a hanya, tukwane suka farfashe. Ta ɗaga sanda, jakin ya ce: Uwar gida, ranakun da ba kya bukatata ma ina jin yunwa.'

"Sarkin Marina ya yi dariya, bai sauya komai ba. Kafin damina Ɗanjuma ya koma noma, masu riguna suka koma wata marina."

Alhaji ya daɗe yana juya biro. "To in ta kwashe sirrinmu ta kai wa wasu fa?"

"A rubuta wannan, Alhaji. Labarinmu da bai fito ba kada ya fita daga nan. Sauran kwana biyar kuwa ba mu saya ba, 'ya'yanta kuma kullum suke ci."

Ya ja layi ya soke sharaɗin, ya tura mata takardar. "Na ji. Kira ta."

Uwani ta miƙe da ƙyar, gwiwarta na ciwo. Ta leƙa waje, ta ga Lantana ta riga ta rataya jakarta za ta tafi.

"Dawo, 'yar nan," ta ce. "Wannan karon karanta har ƙarshe."