Hanya Biyu, Bututu Ɗaya

An ce wai a Tungar Marke, wani gari na bakin gulbi inda la'asar ke daɗewa ba ta wuce ba, an yi wani gida da ake ajiye muryoyin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Shekara da shekaru ana bin tsofaffi da na'urar ɗaukar magana, masunta da ungozomai da masaƙa, kowa ya faɗi abin da ya gani a duniya. Wanda kewar mahaifinsa ta dama sai ya zo ya zauna a tabarma, a kunna masa, ya ji tsohon yana gyaran murya yana ba da labarin ambaliyar da aka yi tun ba a haifi ɗan nasa ba.

A ɗakin gabas akwai babbar na'ura guda wadda masu aikin ke kira uwar garke. A cikinta ƙananan na'urori bakwai ke zaune, ba jiki ba inuwa, kowacce na aikinta tana zaton ita kaɗai ce a duniya. Amma uwar garken ba ta riƙe ko murya ɗaya. Muryoyin duk suna ɗakin yamma, ƙetaren tsakar gida, cikin wani akwati da suke kira rumbu, kuma waya ce ke kawo su.

Mai kula da na'urar wata mata ce, Barira, wadda ta san aikinta, ta kuma san ta sani. Ita ta saita uwar garke ta san hanya biyu zuwa rumbu, har ta tsaya gaban jama'a ta ce ko ɗaya ta yanke, ɗayar za ta ɗauki kayan. Wanda ya shimfiɗa wayoyin kuwa Tanimu ne, mutum mai hannu da kyau, mai tsoron manya fiye da kima.

Ran wata Laraba, wata mata da ta yi tafiyar yini guda tana sauraron mahaifinta, sai muryar ta tsaya a tsakiyar magana. Hanyoyin biyu sun mutu tare. Kwana uku gidan ya yi tsit kafin Tanimu ya ja sababbin wayoyi, matar kuwa tuni ta koma garinsu da hawayenta. Shugaban gidan, Alhaji Maikano, ya rubuta takardar sallamar Barira, tunda ita ta yi alkawarin. Amma don kada a ce ya yi zalunci, sai ya aika a kira Malam Mu'allayidi, tsohon alƙalin da ya ajiye aiki, ya zo ya sa albarka a hukuncin da an riga an yanke.

Malam ya zo yana dogara sanda. Barira ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, hanya biyu na nuna wa na'ura, kuma kullum fitila biyu nake gani a kunne a jikinta, alamar duka hanyoyin na aiki. In aka kore ni da wannan suna, ba wanda zai sake ba ni amanar ko rediyo." Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai waya biyu aka ce in sa, biyu na sa."

Malam ya jingine sandarsa a bango. Sannan ya ce, "Ni ban san na'ura ba, ban kuma ga amfanin in fara koya da furfura ba. Amma na san hanya, don na yi shekara talatin ina raba masu faɗa a kanta. Gani ya kori ji. Barira, kama waya ɗaya. Alhaji, kai ne mai gida, kama ɗayar. Kowa ya bi tasa da hannu har rumbu, kada ya saki. Sharaɗina ɗaya ne: kada ku haɗu a hanya."

Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya kama. Suka fito daga bayan na'ura, ita ta dama shi ta hagu, suna tafe a duƙe kamar masu tsintar gyaɗa. Taku bakwai suka yi, wayoyin suka fara matsowa kusa da juna. A na tara suka yi karo, hular Alhaji ta faɗi, domin hannuwansu sun iso bakin rami guda a gindin bango, inda wayoyin biyu suka shige bututu ɗaya suka nutse ƙarƙashin tsakar gida.

"Tanimu," in ji Malam, "me ka tarar a cikin bututun nan?"

"Ɓera ne ya ci su, Allah ya gafarta Malam. Wuri ɗaya ya ci su duka."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya hana ka haƙa rami na biyu?"

Tanimu ya dubi ƙasa, ya dubi tsakar gidan da ke ta sheƙi da sabon daɓen siminti, wanda Alhaji ke nuna wa kowane baƙo kafin ya nuna masa muryoyin. Alhaji ya ɗauki hularsa yana kaɗe ta fiye da ƙurar da ke jikinta, ya ce a hankali, "Ni na hana. Na ce ai waya waya ce, kada a fasa mini daɓe."

Malam ya miƙa hannu aka ba shi takardar sallamar, ya linke ta ya sa a aljihu. Ya ce, "Alhaji, ka so daɓe ya yi kyau, ka manta abin da aka gina gidan dominsa. Kai za ka fara sara da diga, ta bayan bangon kudu, nesa da ramin farko. Tanimu, ka ga kuskure ka yi shiru, shirun nan shi ne rabonka na laifi. Waya ta biyu ta bi ramin da za a haƙa, ta shiga akwatin rarraba wayoyi nata na daban, mai shan wuta daga wani wuri daban. Ke kuma 'yata, aikinki na nan, amma ba ki fita daga laifi ba. Kin gaskata fitila, ba ki taɓa taka hanyar da ƙafarki ba. Daga yau, duk farkon wata, ki zare waya ɗaya da hannunki alhali murya na magana, ki ga ko alkawarinki na da rai."

Da aka gama aikin, Malam ya dawo wata la'asar, gulbi na kwance kamar an shimfiɗa shi. Ya ce a kunna masa mahaifiyarsa, wadda ungozoma ce, ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Muryar ta cika ɗakin, tana lissafa 'ya'yan da ta karɓa a daminar da gada ta karye. Malam ya lumshe ido, ya ce, "Zare."

Barira ta kama waya ɗaya. Ta zare.

Muryar ta tsaya. Tsawon numfashi ɗaya ba a jin komai sai kukan kurciya a waje. Sannan tsohuwar ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta ɗaya hanyar, ba ta yar da ko kalma ba.

Malam ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Haka take yi da ma. Takan ɗan huta, sannan ta ƙarasa."

Shi ya sa masu hankali suka ce hanya biyu da suka bi ƙofa ɗaya hanya ɗaya ce, kuma ba a sanin ta biyu tana nan sai ranar da aka rufe ta farko da gangan.