Fim ɗin da Ya Buɗe Bakin Malam Sidi

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya yanke hukunci.

A Gusau an yi wani mai zane, Malam Sidi. Shi ya ƙirƙiro katun ɗin Burgu Sarkin Kwaɗayi, da ake nunawa a talabijin duk Asabar, tun iyayenku na yawo ba wando. Shi ke zanen, shi ke yin muryar. Kowane mako Burgu ya ƙulla sabuwar dabarar satar gyaɗar wata tsohuwa, kwaɗayi ya tona masa asiri, ya koma rami hannu rabbana. Mukan yi dariya har cikinmu ya ƙulle.

Da tsufa ya zo, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, bakinsa ya rufe. Shekara biyu ko "ruwa" bai iya cewa. Likita ya gaya wa babbar 'yarsa Uwani cewa in ba a sami abin da zai motsa zuciyarsa ya yunƙura ba, to maganar ta tafi ke nan. Uwani ta yi kuka har ta gode Allah.

Sai ta tuna da Burgu, ta ce a yi masa sabon fim ko zai motsa zuciyar mahaifinsu. A gidan talabijin aka ce an shafe tsofaffin kaset ɗin tuntuni. Wata biyar tana bin gida-gida, har ta samo guda ɗaya tilo a Ƙauran Namoda, wajen wani tsohon mai gyaran rediyo.

Ƙanenta Tasi'u, mai zane a kwamfuta, ya tasa kaset ɗin a gaba. Ya sake zana Burgu har da yagaggen kunnensa, ya yi ta kwaikwayon muryar mahaifinsu sai da tasa ta dushe. Wanda ya ji sai ya rantse Malam Sidi ne.

Autansu Lawandi ya ce a bar masa labarin. Kai jama'a! Lawandin da ko tatsuniya bai taɓa kai wa ƙarshe ba. Ya ba Burgu mota da budurwa da waƙa huɗu, tsohuwa kuwa ta ɓace a tsakiyar fim ba a sake jin ɗuriyarta ba. Uwani ta ce, "Auta, wannan fa ba kai ba gindi." Ya ce, "Yaya, Burgu za a zo gani, wa ya damu da labari?"

Ranar nunawa, bayan la'asar, ɗakin taro ya cika da magidanta masu furfura. Aka turo Malam Sidi a keke har gaba. Da Burgu ya leƙo, manya suka ɓarke da shewa, wasu har da hawaye. Uwani ta ga idon mahaifinta ya kafe a kan allon, leɓensa na rawa, amma shiru. Can hamma ta fara zagayawa, wasu suka sulale. A ƙarshe Burgu ya suri buhun gyaɗa, ya faɗa mota, ya tsere abinsa.

"Ƙarya ne!"

Ɗakin ya ɗauki salati. Malam Sidi ne, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana dukan keken da hannunsa mai lafiya. "Burgu... bai taɓa tsira da gyaɗa ba! Wane shashasha ya rubuta wannan?"

Uwani ta durƙusa a gabansa. "Baba, kai ne?"

"Ni ne, Uwani. Ina shashashan?"

Lawandi yana bayan ƙofa.

Da tsohon ya huce, ya ce akwai labarin Burgu na ƙarshe a kansa wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutum ɗaya zai damƙa wa shi, tare da Burgu kansa: wanda ya buɗe masa baki. Ba don kaset ɗin Uwani ba, da babu fim. Ba don hannun Tasi'u da muryarsa ba, da tsohon ko ido bai ɗaga ba. Likita kuma ya ce da labarin ya yi daɗi, da murmushi kawai zai yi ya koma gida, haushi ne ya ɓalle bakin.

To, ku faɗa mini, wa ya kamata a ba: mai kaset, mai zane, ko shashashan?