Injin Markaɗen Lantana

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don a kansu zan yi magana, kuma raina a ɓace yake.

A unguwarmu akwai wata mata, Lantana mai markaɗe. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da tsohon inji guda, mai tari kafin ya tashi. Da shi take ciyar da su. Yau injin nan ba ya gidanta. Wasu la'anannu da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu suka cinye shi ta cikin waya. Wai aiki suke bayarwa: kana zaune kana danna hotunan kaya, ana biyanka kullum. Amma sai ka fara zuba kuɗin ajiya, sannan ka kawo mutane. Ku ji fa, aikin da kai za ka biya kafin ka yi! Su dai Allah ya isa. Sai dai ba da ƙafarsu suka shiga gidan Lantana ba, mutum uku ne suka kai su.

Na farko ƙanenta Jafaru, ɗan acaɓa. Shi ya fara shiga, suka ɗan jefa masa ribar kwana biyu, ya sayi tsire ya ci, kansa ya kumbura. Yaron kirki ne, ba ya iya cin abu shi kaɗai, amma wauta ta yi masa katutu. Ya ruga wurin yayarsa, ya sa mata abin a waya, ya dinga yi mata naci safe da yamma. "Yaya, har yaushe za ki yi ta shaƙar hayaƙi? Wallahi na ci, da hannuna na karɓa." Bai tambayi kowa ba, bai yi bincike ba. Da zuciya ɗaya ya buɗe ƙofa, kuma shi ma daga baya sun wanke shi tas.

Ta biyu aminiyarta Hansai, mai sayar da ƙanƙara. Ita ta riga ta faɗa ciki, ta zuba sadakin 'yarta da aka ba ta ajiya. Da ta nemi cirewa aka ce sai ta kawo mutum ɗaya mai babban zubi. Nan jikinta ya ba ta cewa damfara ce. Biki saura wata guda, mijinta bai sani ba. Ta yi kuka ta share hawaye, ta ari sabuwar atamfa ta ɗaura, ta je ta ce wa Lantana ribar ce ta saya mata. Lantana ta ce ba ta da abin zubawa. Hansai ta ce, "Ga inji? Sati biyu ki sayi sabo." Ita ta nemo mai saye. Ta ci amanar shekara ashirin, kuma ko kwabo ba a sakar mata ba.

Na uku Sallau, mai shagon tura kuɗi a bakin kasuwa. Wannan ya san komai tun ranar farko, don ta hannunsa kuɗin mutane ke tafiya, bai taɓa ganin babban zubi ya dawo ba. Ya taɓa gargaɗin wani, aka tara masa jama'a, aka ce baƙin ciki yake yi da arzikin talaka, aka ƙaurace wa shagonsa wata guda. Ya rantse ba zai ƙara ba. Ranar da Lantana ta zo ta kwance bakin zani ta zube masa kuɗin injin, ta dube shi ta ce, "Malam Sallau, kai ka san boko. Ba matsala dai ko?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa alheri." Ya danna, ya cire ladansa.

Bayan kwana uku shafin da ake danna hotunan ya rufe. Lantana ba ta yi ihu ba. Na gan ta da idona ta ɗauki roba ta bi layi a injin wata unguwa, tana biya a markaɗa mata wake, ita da a da mutanen gari ke layi a ƙofarta. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Magana ta je gaban mai unguwa. Wanda ya sayi injin ya ce zai mayar, amma kuɗinsa a dunƙule, kafin ranar kasuwa. Aka duba, kowanne cikin ukun abu ɗaya ya mallaka da zai kai kuɗin injin: Jafaru babur, Hansai firji, Sallau jarin shago. Wanda aka sayar da nasa, gidansa ne zai kwana da yunwa a madadin na Lantana.

Da Jafaru bai kawo ba, da ba ta ji ba. Da Hansai ba ta yi ƙarya ba, da ba ta sayar ba. Da Sallau ya buɗe baki, da kuɗin bai tafi ba.

To, ga ku ga su, kuma kasuwa jibi ce. Wanda bai sani ba ya jawo, da wadda ta sani ta tura, da wanda ya sani ya yi shiru: na wa za a sayar a fanso wa marayu injinsu?