Sawun Giwa da Sawun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Namun daji ne suka share hanyar kasuwa, suka ce duk mai bi ya ba da mudun gero don gyaranta. Kura ke karɓa, Aku kuma yana kan reshe yana tambayar kowa inda za shi.

Ran nan Bushiya ta zo da ɗan ƙullinta. Ta ce, "Haba Kura, ni da Giwa mudu ɗaya?"

Kura ta ce, "Doka ce, zuba."

Ta zuba. Aku ya ce, "Ina zuwa?"

Ta yi ƙasa da murya. "Tsaba zan kai wa yayata. Rumbunta ya ƙare, ba ta so a sani."

Kafin ta isa, kasuwa kaf ta ji. Yayar ta rufe ƙofa don kunya.

Bushiya ta tara jama'a, ta ce, "A zuba rairayi a bakin hanya. Kowa ya taka, ya cika sawunsa da gero. A kwashe geron, a share sawun, ba tambaya."

Giwa ta dubi ƙafarta, ta yi dariya. "Gaskiyarki, ƙanwata. Ni nake rotsa hanyar nan, ni zan fi biya."

Washegari Bushiya ta biya ƙwaya bakwai, ta wuce abinta, yayarta ta buɗe mata ƙofa. Tun daga ranar Aku bai ƙara samun labarin kowa ba, sai abin da ka faɗa masa yake maimaitawa.

Ƙurunƙus kan ɓera, sawun tatsuniyar ma na share.