Ranar da Aka Goge Asusun Baba

Akwai wani mutum da 'yan gidansu suke kira Tashi-mu-je. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana yaro ba ya tsayawa a gama magana. Kafin ka kai ƙarshen aike ya riga ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo yana tambayar me ma aka ce ya sayo. Da ya girma ya samu aiki a wani kamfanin rarraba kaya, inda saurin nan ya yi masa rana har aka ba shi shugabancin sashe. Wannan ya ƙara tabbatar masa da cewa tambaya ɓata lokaci ce, kuma duk wanda ya ce masa ya dakata malalaci ne.

Shi ne ya saya wa iyayensa kwamfuta, aka ɗora ta a kan tebur a falo, kusa da taga. Shi ya buɗe wa kowa asusunsa, wato kamar ɗakinsa a cikin kwamfutar, inda zai ajiye kayansa ba tare da sun cakuɗe da na wani ba. Ya buɗe wa Baba ɗaya, ya sa hotonsa a kai. Ya buɗe wa ƙanwarsa Auta, ma'aikaciyar jinya da ke zaune tare da iyayen. Ya buɗe wa jikoki ɗaya saboda lokacin hutu. Nasa kuwa shi ne babba, mai ikon ƙara asusu ko goge shi. Inna ta ce ita a bar ta, karatu ma ba ta iya ba balle danne-danne.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne. Da ganinsa ya yi rauni ya daina karanta jarida, sai Auta ta koya masa naɗar murya a kwamfutar. Kullum bayan karin kumallo yakan ja kujera ya zauna yana ba da labari: tashoshin da ya bi, gadojin da ya ƙetare, ranar da birki ya ƙi kamawa a gangara, da abokan aikin da suka riga shi tafiya. Wani lokaci Inna takan ɗaga murya daga kicin ta gyara masa, ya yi dariya ya ci gaba. Ya shafe shekaru yana haka. Tashi-mu-je bai taɓa sani ba, domin in ya zo gaisuwa a tsaye yake yin ta, da makullin mota a hannu.

Bayan rasuwar Baba, Auta ta cire kalmar sirrin asusunsa, ta nuna wa Inna abin da za ta yi: ta kunna kwamfutar, ta jira hotuna su fito, ta danna hoton Baba. Iyakar abin da Inna ta koya ke nan, kuma ya ishe ta. Da safe in gida ya yi shiru, sai ta zauna a kujerar da yake zama ta saurara.

Wata ranar hutu Tashi-mu-je ya zo da 'ya'yansa. Ya tarar Auta tana shirin kai Inna ganin likita. Yaran suka ruga wajen kwamfuta, jim kaɗan suka dawo suna ƙorafi wai ta ƙi karɓar sabon wasansu. Ya ture su gefe ya shiga nasa asusun ya duba. Ma'ajiyar ta cika maƙil, kuma asusun Baba ne ya cinye kusan dukkan wurin.

"Auta, me ake da asusun Baba har yanzu? Shi ya shaƙe kwamfutar nan," in ji shi.

Auta tana bakin ƙofa tana taimaka wa Inna sa takalmi. Ta ce, "Yaya, don Allah kar ka taɓa komai sai mun dawo. Dama akwai maganar da nake so mu yi a kansa."

"Faɗe ta yanzu mana."

"Mai mota yana jira, kuma ba maganar tsaye ba ce. Ba za mu daɗe ba."

Ya ɗaga mata hannu alamar ta tafi. Suna fita ya koma kan linzamin kwamfutar. A ransa ya ɗauka taushin zuciya ne irin na Auta, ba ta son a taɓa abin da ke ɗauke da sunan mamaci. Asusun ba shi da kalmar sirri, da ya so da ya shiga ya ga abin da ke ciki. Bai shiga ba. Ya zaɓi a goge shi. Kwamfutar ta tambaye shi ko a ajiye fayilolin mai asusun a wani wuri, ko a goge har da su. Ya danna a goge. Ta sake fito da gargaɗi cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba. Bai karanta zuwa ƙarshe ba, ya danna.

Wuri ya samu. Ya sauke wa yaran wasansu, ya ƙara musu wasu, ya juye musu finafinai daga wayarsa, ya sabunta manhajojin da suka tsufa. Can ya duba agogo ya tuna yana da wajen zuwa, ya tattara yaran suka tafi kafin su Inna su dawo. A hanya ya tura wa Auta saƙo cewa ya gyara musu kwamfuta, yanzu gudu take kamar sabuwa. Auta ta dawo a gajiye, ta ga saƙon, ta ɗauka ƙananan gyare-gyare yake nufi.

Washegari tana gugar kayan aikinta sai ta ji Inna daga falo.

"Auta, zo ki duba min. Babanku ba ya nan."

Auta ta zo ta tsaya a bayanta. Hotuna uku ne a allon: na Yaya, nata, da na jikoki. Ta kashe ta sake kunnawa, ba abin da ya canza. Ta ɗauki waya ta kira shi.

"Yaya, ina asusun Baba?"

"Na goge shi. Ai ba mai amfani da shi."

"Da ka goge, ka ajiye abin da ke ciki?"

"Me ke ciki? Ba tarkace ba ne?"

Auta ta fita tsakar gida don kar Inna ta ji. Ta faɗa masa abin da ke ciki. Ta ce maganar da take so su yi ke nan, ya sayo faifan ajiya a kwafe muryoyin, don babu su a ko'ina sai a nan.

A ranar ya zo ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyara. Mai gyaran ya saurare shi, sannan ya tambaya ko an zuba wani abu bayan gogewar. Tashi-mu-je ya lissafa masa.

Mai gyaran ya girgiza kai. "Da a take aka kashe ta aka kawo min, da an ceto da yawa. Amma ka ɗora sababbin kaya a daidai inda tsofaffin suke. Zan gwada, ban yi maka alkawari ba."

Bayan kwanaki mai gyaran ya kira shi. Guntun fayil ɗaya ya samu da ke buɗewa, sauran sun lalace. Tashi-mu-je ya mayar da kwamfutar gida, ya haɗa ta, ya kunna wa Inna da Auta. Aka ji ƙarar kujera, sannan muryar Baba: "Sai na ce masa, kai, ba a nan za mu kwana ba, ɗauko fitilar nan ka biyo ni. Muna zagayawa bayan taragon..." A nan muryar ta yanke.

Tashi-mu-je bai taɓa jin wannan labarin ba. Ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, "Inna, me suka gani a bayan taragon?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Ban kai nan ba tukuna. Kaɗan-kaɗan nake ji, don kar ya ƙare min."

Ba ta yi masa faɗa ba, a ranar ko bayanta. Da ya durƙusa yana ba ta haƙuri ta ce ya tashi, ta san ba da mugunta ya yi ba. Ya sayo faifan ajiya ya kwafe guntun muryar, ya kai kwamfutar wajen wasu masu gyaran, duk amsa ɗaya suka ba shi. Inna ta saurari guntun na 'yan kwanaki, daga baya ta daina. Wata rana ta ce wa Auta a mayar da kwamfutar ɗaki, tana tare mata hasken taga.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ikon da aka ba ka a kan kayan wasu amana ce, ba izinin yanke hukunci kai kaɗai ba ne. Wanda ke riƙe da babban asusu a kwamfutar gida ko ta ofis, kada ya goge asusun wani sai ya duba abin da ke ciki, ya tambayi waɗanda abin ya shafa, ya kuma kwafe kayan zuwa wani wuri. Abin da kake gani tarkace ne yana iya zama mafi daraja a wajen wani. In aka ce ka dakata, ko mutum ne ya faɗa ko na'ura, ka tsaya ka ji dalili, domin akwai ɓarnar da ake yi da danna yatsa ɗaya wadda nadama ba ta iya gyarawa.