Mai Naman da Ya Saba da Bencin Baya

An yi wani mutum a nan garin Gombe, ya 'yan'uwa cikin Almasihu, wanda ba zan kama sunansa ba, domin matarsa tana da rai, jikarsa kuma tana tasowa, bai kamata a riƙa nuna yarinya da baki a hanya ba.

A Bagadaza yake zaune. Sana'arsa nama. Ba ya yanka da kansa. Shago gare shi da manyan firiza, ya sayo a kwata ya raba wa masu sayar da abinci da masu farfesu. An yi masa baftisma tun yana saurayi. Ran Lahadi shi ke riga kowa zuwa sujada, takalmi na ƙyalli, in aka ɗauki waƙa muryarsa ce ke danne ta kowa. 'Ya ɗaya tak Allah ya ba shi, Millicent, kuma duk wanda ya san shi ya san yana ji da ita.

To, sai mutumin nan ya lura da wani abu. Makiyayan da ke bayan gari Musulmi ne. In dabba ta mutu musu ba a kai ga sa mata wuƙa ba, ta zama mushe, ba su ci, ba su sayarwa. Sai su ja ta nesa su binne, ko su bar wa ungulu. Mahautan kwata ma ba su taɓa ta. Shi kuwa da ya ga saniya guda kwance a yashe, sai zuciyarsa ta ce masa ga nama ana zubarwa a banza. Ya shiga bin bayan makiyaya da 'yar motarsa a-kori-kura. Ya feɗe a daji, ƙuda na bin hannunsa, ya wanke da ruwan gishiri, ya cusa a firiza har ya daskare warin ya kwanta. In ya cakuɗa da na kwata, wa zai gane?

Kun san da me ya toshe bakin lamirinsa? Da abin da ya ji a majami'a. Wai ai mu masu bi an 'yantar da mu daga dokokin abinci. Tir da wannan karatu. An 'yantar da kai ka ci naka da godiya. Wa ya 'yantar da kai ka ɗura wa 'ya'yan mutane abin da ko karenka ba za ka jefa wa ba?

Cikin masu sayen namansa akwai Augustina, 'yar'uwarmu mutuniyar kudu maso gabas, mai rumfar abinci a Tudun Wada. Direbobi da teloli su ne masu cin nata. Wata rana suka ci, kafin la'asar ana ta amai da gudawa. Magana ta bazu wai matar nan guba take ba mutane. Ta ɗauko sauran naman ta bar shi ya saki, ta buɗe leda, sai da ta fita waje ta amayar da abin da ke cikinta. Ya yi kore ta ciki. Ba ta kai mai naman wurin 'yan sanda ba, tunda ikilisiyarsu ɗaya. Wurin dattawa ta kai ƙara.

Ku da kuka girma cikin ikilisiya kun san horo. Baƙinmu su saurara. In ɗan'uwa ya yi zunubin da ya fito fili, sai a kira sunansa gaban jama'a, a ce ya koma bencin baya, can bakin ƙofa. Ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya waƙa cikin mawaƙa, ba ya magana a taro, har sai dattawa sun ga alamar tuba a maido shi. Iyayenmu sun kafa wannan ne domin mutum ya ji ciwon rabuwa da 'yan'uwa, ya tuna akwai rabuwar da ta fi wannan.

Mutuminmu ya yi kuka ran da aka kira shi, har da majina. Augustina ta miƙe da hawaye, ta ce, "Ɗan'uwa, ka kashe mini kasuwa. Amma Yesu ya yafe mini nawa, ni ma na yafe maka."

Rumfarta ba ta sake tashi ba. Awara ta koma soyawa a bakin titi.

Shi kuwa ya zauna a baya 'yan watanni. Ya ga wurin ba laifi, iska ma ta fi shigowa. Ran da aka maido shi, zumuntar mata suka yi guɗa, dattawa suka rungume shi, aka miƙa masa gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji. Yana haɗiyewa yana cewa a ransa, ashe iyakar abin ke nan?

Nan ya faɗi, ya 'yan'uwa. Matar da ya cuta ta nuna masa gafara da hawayenta, shi kuma abin da ya koya shi ne gafara ba ta da tsada. Ya ɗauki zunubi kamar dauɗar riga, Lahadi kuma ranar wanki. Ya taɓa jin an ce a wa'azi ba domin mutum aka shirya gidan wuta ba, domin Shaiɗan ne da mala'ikunsa, sai ya ɗauki wannan rabin ya sa a aljihu, ya bar sauran. Ya ce shi da aka tsoma a ruwa, me ya haɗa shi da wuta?

Ya koma ruwa, ya ci gaba da kwaso mushe. Sai dai yanzu ya ƙara wayo, ba ya sayar wa na kusa. Kullum kafin ya ta da mota sai ya sunkuyar da kai a kan sitiyari ya ce Ubangiji ya gafarta masa abin da zai je ya yi. Kun ji? Gafarar anjima yake karɓa tun da safe. Na ga wasu suna murmushi. Kada ku yi, cikinmu akwai masu irin wannan addu'ar.

Akwai wani makiyayi, Joda, dattijo mai kirki, da suka saba gaisawa. Wata safiya cikin damina mutumin nan ya tarar da shi tsaye kan saniyarsa. Ta kutsa gonar wake ta sha ruwan da aka dama maganin feshi a ciki, ta yi ta dalala da kakkarwa, kafin a kawo wuƙa ta mutu.

Joda ya ce, "Wannan kam guba ce, abokina. Ko ungulu ba na so ta taɓa. Rami zan haƙa."

Ya ce, "Haba Baba Joda, da wane ƙarfin? Bari in ɗauke maka a mota in kai can nesa in binne."

Joda ya yi ta sa masa albarka. Kafin rana ta take, saniyar tana cikin firiza, tsoka gefe guda, hanta da tumbi da hanji a tasu ledar, don masu farfesun da ke can wata unguwa.

A kwanakin nan ne Millicent ta haihu, haihuwar fari, 'ya mace, ta dawo gida wankan jego. Kun san yadda iyaye mata suke da mai jego: a ba ta farfesun kayan ciki mai yaji ta sha romo, jini ya dawo, nono ya kawo. Matarsa ba ta san komai ba game da sana'ar ɓoye, ta ɗauka tun horon nan mijinta ya shiryu. Yana can kasuwa ta ɗauki makullin shago, ta zaɓo wa 'yarta hanta mafi girma. Da ƙauna ta dafa. Ko ɗanɗanawa ba ta yi da kyau ba, ta ce na mai jego ne.

Da ya dawo da yamma ya tarar da gida a hargitse. Millicent na kwance, yawu na zuba, jiki na rawa, numfashi na sarƙewa. Ya ga tukunya, ya ga ledar da ya ƙulla da hannunsa.

Aka kwashe ta sai wani asibiti. Likita ya duba ta, ya fito ya same su a baranda. Ya ce, "Baba, wannan ya fi kama da guba, ba ciwon jego ba. Me ta ci? Akwai wani magani a gidan? In na san ko mene ne, na san abin da zan ba ta yanzu. In ban sani ba, sai mun yi ta gwaji, lokaci kuwa ba ya jira."

Matarsa ta ce farfesu ne kawai, daga shagonsu. Ta juyo ta ce, "Baban Millicent, ba na kwata ba ne?"

Ga surukinsa, mijin Millicent, tsaye. Ga dattawan ikilisiya biyu da suka biyo su. Kalma kaɗan ake nema a bakinsa: saniyar maganin feshi ta sha. Ya buɗe baki. Sai ya hango sunansa ana kira gaban jama'a karo na biyu, ya hango 'yan sanda, ya hango shago a rufe. Sai tsohuwar dabararsa ta zo masa. Ya ce a ransa, zan faɗa wa Allah ni da shi, ai shi mai gafara ne, zai yafe ya kuma warkar da ita, ba wanda zai ji.

Ya ce, "Na kwata ne, likita. Na yau."

Sa'an nan ya durƙusa a barandar nan ya ɗaga hannu yana addu'a da ƙarfi, har masu jinya na cewa kai, wannan uba akwai bangaskiya. Abin ƙyama. Yana kiran jinin Yesu da bakin da ya gama ƙarya a kan ran 'yarsa. Kafin sakamakon gwaji ya fito, rai ya yi halinsa.

Ana zaman makoki sai ga Joda ya zo ta'aziyya, ya zauna bakin tabarma. Ya ji mata suna ba da labarin yadda yarinyar ta yi, da yawun da kakkarwar. Can ya ɗago ya dubi mutumin, ya tambaya a hankali, gaban kowa, "Abokina, saniyar nan tawa, ina ka binne ta?"

Aka buɗe firiza aka gani. Hukuma ta rufe shagon, ya sha zaman kurkuku. Matarsa ta ɗauki jaririya ta koma garinsu, ba ta zage shi ba, ba ta kuma sake kallon fuskarsa ba. Da ya fito, ɗaki ɗaya ya kama a Shamaki, ya rame ya lalace.

Ikilisiya ba ta yar da shi ba. Pasto Bernard, mai kiwon ikilisiyar a lokacin, ya neme shi har ɗakin. Ya ce masa, "Ɗan'uwa, abin da ka yi mugu ne, ba zan sassauta maka sunansa ba. Amma bai fi ƙarfin giciye ba. Ka zo ka tsaya gaban Allah da jama'a ka faɗi gaskiya duka, ka nemi gafarar matarka da ta surukinka. Ƙofa a buɗe take."

Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa. Pasto ya ɗauka zuciya ce ta karye. Sai ya ɗago ya ce, "To Pasto, wannan karon wata nawa za ku ba ni a baya?"

Pasto ya ce tsigar jikinsa ce ta tashi. 'Yarsa na cikin ƙasa, shi kuwa ciniki yake yi. Bai zo ba. Daga baya aka ji ya mutu a ɗakin nan.

Ban san abin da ya wuce tsakaninsa da Mahaliccinsa a numfashin ƙarshe ba, makullin wuta ba a hannuna yake ba. Abin da na sani zan faɗa muku.

Gafara kyauta ce, amma ba araha ba ce. Ran Ɗan Allah aka ba da a kanta. Wanda ya zo da karyayyar zuciya, ko me ya yi, ba za a kore shi ba. Wanda kuwa ya mai da ita lasisin komawa ga ƙazanta, bai karɓe ta ba tukuna, kansa yake ruɗi. Tuba juyawa ce. In ƙafarka na nan inda take, hawayenka ruwa ne kawai.

Gidan wuta fa? Gaskiya ne ba domin ka aka shirya shi ba. Allah ba ya jin daɗin hallakar kowa. Amma shi mai tsarki ne, mai adalci kuma. Ba zai kira ruɓa lafiya ba, ba zai ce wa waɗanda aka cuta kukansu banza ne ba, ba zai kuma bar mugunta ta shiga gidansa ta ci gaba da ɓarna har abada ba. Wutar tana nan domin a killace mugunta a hukunta ta. Mutumin da ya rungumi zunubinsa ya ƙi saki, inda aka kai zunubin can zai tafi. Can kuwa ba dattawan da za su zauna su ce ya isa, a maido shi.

Kai da ke zaune a nan yau, mene ne naka? Wace gaskiya ce ka danne, kana cewa tsakaninka da Allah ne, alhali wani na shan wahala saboda shirunka? Kada ka jira Lahadi mai zuwa. Ka tashi daga nan ka nufi wanda ka cuta.

Ya Uba, ka ba mu ƙyamar zunubinmu tun muna da sauran numfashi. Ka buɗe bakinmu a sa'ar da ya kamata mu yi magana. Allah ya kiyaye mu daga raina alherinsa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.